Daɗewa, Gogewa da Ƙwarewa: Yadda Ya Kamata A Karanta Tallar Aikin Injiniya

Gabatarwa

Wata rana da la'asar, a cikin hutun da ya wuce, wani abokina da muka yi zaman ɗaki ɗaya har shekara biyu a nan jami'a ya zo mini da wayarsa a hannu, ransa a ɓace. Shi dai fannin injiniyan lantarki ya karanta, ya gama, ya yi hidimar ƙasa, yanzu kuma yana ta faman neman aiki. Ya ce da ni, "Malam, tun da kai ne ɗalibin harshe, karanta wannan ka gaya mini abin da ake nufi, don ni na kasa ganewa."

Da na duba sai na ga talla ce ta wani kamfani mai harhaɗa kayan lantarki. Ƙaramin injiniya suke nema, in ji su. Amma lalle ya kasance ya shekara biyar yana wannan aiki, kada kuma shekarunsa na haihuwa su wuce 27. Ana so ya iya harsunan kwamfuta na C da C++ da Python, ya iya zana allon lantarki, ya san Linux da Bluetooth, in ma ya iya yin manhajar wayar hannu to, ya fi. A wurin da ya kamata a rubuta albashi kuwa kalma biyu kurum aka sa, waɗanda in aka juya su zuwa Hausa ma'anarsu ita ce "mai gamsarwa".

Muka zauna muka yi lissafi. Karatun injiniya a ƙasar nan shekara biyar ne. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18, yajin aikin malamai na 2020 ya ci masa wata tara, na 2022 ya ci masa wata takwas, sa'an nan ya yi shekara guda ta hidimar ƙasa, to, zai fito neman aiki ne yana dab da 26. Ina zai samo shekara biyar ta aiki kafin ya cika 27? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayin da nake son in kare a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, adadin shekarun da ake rubutawa a irin wannan talla mudu ne mai ha'inci, kuma albashin da ake ɓoyewa shi ne ya fi faɗin gaskiyar ma'aikacin da ake nema. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen injiniyoyi. Amsata ita ce talla ma rubutu ce, feɗe rubutu kuwa shi ne sana'armu. Ban da haka, dukanmu wata rana irin wannan takarda za mu tsaya muna karantawa.

Mece ce dasasshiyar kwamfuta?

Kafin mu yi nisa ya kamata mai karatu ya san irin aikin da ake magana a kansa. Akwai kwamfutar da kowa ya sani, mai allo da madannai. Akwai kuma wata 'yar ƙarama, wani lokaci ba ta fi farcen ɗan yatsa ba, wadda ake dasawa a cikin wata na'ura don ta yi aiki guda tak, ta yi ta yinsa dare da rana. Ita ce na kira dasasshiyar kwamfuta, in malamaina sun amince da wannan suna. Tana cikin mitar wutar lantarki ta gidanmu, da na'urar POS ta mai shagon unguwarmu, da injin mota, da na'urar da ke juya wutar batirin sola ta koma wutar gida, da na'urorin asibiti, da jirgin sama. Mai amfani da su ba ya ganinta, ba ya ma tuna tana nan sai ran da ta yi gardama.

Wanda ke rubuta wa irin wannan kwamfuta umarni yana aiki ne a cikin ƙunci. Shahararriyar ƙwayar nan mai lamba 8051 da kamfanin Intel ya fitar a 1980, wurin ajiyarta na wucin gadi bai wuce na harafi 128 ba, wato bai kai tsawon wannan sakin layi ba, kuma har yau ana ƙera jikokinta ana sa su a kayan masarufi. Na zamani sun fi ta fili nesa ba kusa ba, amma har yanzu a ƙididdige ake kashe kowane gurbi. Daɗin daɗawa, wanda ya yi kuskure a shafin intanet yana iya gyarawa kafin azahar, kowa ya ga gyaran. Wanda ya yi kuskure a na'urar da aka riga aka sayar da dubu ɗari, ta bazu cikin ƙauyuka, sau da yawa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma abokan karawarsa ba su san lallashi ba: zafin watan Afrilu, ƙurar hunturu, wutar da ke sauka ta hau yadda ta ga dama, da batirin da ya tsufa.

Kalmomi uku, adadi guda

A nan ne nake ganin Hausa ta fi tallar hangen nesa. Abin da tallar ta dunƙule cikin kalmar Ingilishi guda ɗaya ta sa masa adadi, Bahaushe ya raba shi uku. Akwai daɗewa, akwai gogewa, akwai ƙwarewa. Daɗewa zancen kalanda ce kurum, mutum ya zauna a wuri kwanaki suna wucewa. Gogewa kuwa daga goga ta fito, wato sai abu ya haɗu da wani abu mai kaushi sun murji juna kafin ya yi santsi. Gogaggen mutum shi ne wanda aiki ya taɓa ɓaci a hannunsa, ya sha wuya, ya ga yadda aka yi aka fita. Ƙwarewa ita ce ta sama, domin ita ce ke nuna an ɗauki darasi daga wuyar da aka sha, har mutum ya kai yana hango ɓarna tun ba ta auku ba.

Mu ɗauki misali daga gareji. Ga yaro ya shekara goma wurin ubangidansa, amma aikinsa kullum juye baƙin mai da wanke fulogi. Ga wani kuma shekararsa uku, amma ya sauke inji sau da yawa, ya haɗa, wani ya tashi, wani ya ƙi tashi ya sake kwancewa har ya gano inda ya kuskure. In ubangidan zai yaye ɗaya daga cikinsu, ba zai ɗauko kalanda ba. Mota zai ba shi ya ce ya gano abin da ke damunta. To, tallar da ta ce "shekara biyar" za ta ɗauki yaro na farko ta kori na biyu, alhali kuwa sanin wurin bugu shi ne ƙira. Dalilin da ya sa ake auna daɗewa ita kaɗai ba wani abu ba ne illa ita ce ke shiga cikin adadi ba tare da wahala ba.

Wani lokaci adadin yakan tona wa kansa asiri. A watan Yuli na 2020 Sebastián Ramírez, ɗan ƙasar Kolombiya, wanda ya ƙirƙiro wani kayan aikin rubuta manhaja mai suna FastAPI, ya ba da labarin ya ga tallar aiki ana neman wanda ya yi shekara huɗu yana amfani da FastAPI. Shi kansa bai cika sharaɗin ba, domin bai fi shekara ɗaya da rabi da ƙirƙiro abin ba. A wannan shekarar ce kuma aka ga wata talla ta kamfanin IBM tana neman wanda ya yi shekara 12 yana aiki da Kubernetes, abin da bai zo duniya ba sai a 2014. Waɗannan biyu ba a fagen dasasshiyar kwamfuta suka faru ba, amma cutar ɗaya ce. Mai neman aiki a fagen ya kamata ya riƙe shekarun haihuwar kayan aikinsa: harshen C tun 1972 yake, Arduino 2005, harshen Rust bai tsaya da ƙafarsa ba sai 2015, ƙwayar ESP32 da tsarin Zephyr kuwa 2016. In ka ga an nemi shekarun da suka girmi abin, ko suka yi daidai da ranar haihuwarsa, ka san wanda ya rubuta tallar bai tuntuɓi masu aikin ba, sauran sharuɗɗansa ma sai a karanta su da wannan ido.

Darasin mitar wuta

To, wace irin gogewa ce ake bukata a wannan fage, wadda adadi ba ya iya nunawa? Ba sai mun je nesa ba, misalin yana manne a bangon gidajenmu. Duk mai amfani da mitar biya-kafin-sha zai tuna yadda hukumar NERC da kamfanonin rarraba wuta suka yi ta shela cewa kowa ya karɓi wasu lambobi na musamman guda biyu ya shigar wa mitarsa kafin ran 24 ga Nuwamba, 2024, in ba haka ba za ta daina karɓar kati. Mutane da yawa sun ɗauka wata dabara ce ta ƙarin kuɗi. Gaskiyar maganar kuwa lissafi ne da aka ƙulla tun shekara talatin da ɗoriya.

Tsarin da waɗannan mitoci ke bi, mai suna STS, daga Afirka ta Kudu ya samo asali. Lambobi 20 ɗin da mutum ke saye suna ƙunshe da bayanai iri-iri, ciki har da lokacin da aka sayar da katin, wanda ake ƙirgawa da minti tun daga ran 1 ga Janairu, 1993. Amfanin wannan shi ne mita ta gane katin da aka riga aka yi amfani da shi ta ƙi shi. Sai dai wurin da aka ware wa wannan ƙidaya gurbi 24 ne na abin da masana ke kira bit, wato gurbin da ba ya ɗaukar komai sai sifiri ko ɗaya. Gurbi 24 ba ya iya ƙirga fiye da minti 16,777,216, kimanin shekara 31 da wata 11 ke nan. Ran da ya cika sai ya koma sifiri, kamar yadda agogon mil na tsohuwar mota ke yi, daga nan kuma duk sabon kati sai mita ta gan shi kamar tsoho. Lambobin nan biyu da aka raba su ne suka mayar da mafarin ƙidayar zuwa 2014, abin da zai kai mu har 2045.

Ba na ganin waɗanda suka tsara wannan sun yi sakaci. Lambobi 20 gurbi 66 kawai suke ɗauka, in an ƙara wa ƙidayar lokaci fili sai an rage wa wani abu, ko kuma a tsawaita lambobin da tsohuwa za ta riƙa dannawa cikin duhu. Zaɓi suka yi, suka san iyakarsa, suka kuma bar hanyar da za a bi in ranar ta zo. Wannan ita ce ƙwarewa. Wanda ya daɗe kurum yakan yi irin wannan zaɓi bai ma san ya yi ba.

Irin wannan tarko na ƙidayar lokaci ya kama manya. Gurbi 32 da ke ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yana cika ne bayan kwana 49 da 'yan sa'o'i, saboda haka na'urar da aka gwada mako guda a ɗakin gwaji lafiya lau za ta yi, sai ta kusa wata biyu a gidan mai saye sa'an nan ta sume. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocin jirgin Boeing 787, in suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, ƙidayarsu za ta cika su yanke wuta, ko da jirgin yana sama. An yi sa'a a ɗakin gwaji aka gano wannan. A Dahran ta ƙasar Saudiyya kuwa, ran 25 ga Fabrairu, 1991, ba a yi sa'a ba. Agogon cikin na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ya yi ta tara ɗan kuskure har tsawon kimanin sa'a 100 da ta yi a kunne, ya kai wajen sulusin daƙiƙa, ta kasa tare makami, sojojin Amurka 28 suka mutu.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan kurakurai ba sa bayyana ran da aka gama aiki ana tafi. Sai an jima. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa injiniya ita ce: na'ura nawa ka raka tun daga zane har kasuwa, wacce ce ta dawo maka da ƙara, me ka tarar da ka buɗe ta? Wanda ke sauya wurin aiki duk bayan wata goma sha takwas yana iya tara shekara goma bai taɓa tsayawa ya ga abin da ya shuka ba.

Uzurin mai ɗaukar aiki

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Mai kamfani zai ce takardu ɗaruruwa ke zuwa masa a kan gurbi guda, dole ya sami rariyar da zai tace su, adadin shekaru kuwa shi ne rariya mafi araha. Zai kuma ƙara da cewa, ai hujjar da na kawo a sama goyon bayansa take yi: tun da kuskure ba ya bayyana sai an jima, wanda bai jima ba bai gan shi ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Na'ura takan ɗauki shekara ɗaya ko biyu ko fiye kafin ta fita kasuwa, sa'an nan a jira abin da za ta yi a hannun jama'a. Haka kuma akwai fannonin da ran mutane ke rataye a kansu, waɗanda ke da ƙa'idoji masu tsanani, kamar ISO 26262 ta motoci wadda ta fito a 2011, da IEC 62304 ta na'urorin asibiti ta 2006. Waɗannan ba a koyonsu a ɗaki da allon Arduino, sai an zauna ƙarƙashin waɗanda suka sani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na yarda da duk wannan. Amma abin da ya tabbatar shi ne gogewa tana bukatar lokaci. Bai tabbatar da cewa lokaci yana haifar da gogewa ba. Rariyar da ke riƙe tsakuwa ta zubar da tsaba, araharta ba ta da amfani. Kuma in har da gaske kamfani yake cewa babban da ya hango nesa yake nema, to, me ya sa ya kira shi ƙaramin injiniya, ya kuma ƙayyade masa shekara 27? A nan ne zancen ya dawo kan kuɗi.

Albashi: cinikin biri a sama

A kasuwarmu in mutum ya ɗauki kaya ya ce nawa, mai kaya yakan faɗi kuɗi ko ya ce a taya. In tayin bai yi masa ba ya ce albarka, in ya yi ya sallama. Ciniki ne na mutum biyu da suka san kasuwa, kowa kuma yana iya juyawa ya tafi. Tallar da ta ɓoye albashi ta karya wannan daidaito. Kamfani ya san abin da yake biyan duk ma'aikatansa, ya san abin da ya ware wa gurbin. Mai nema bai san komai ba, ga shi ya shekara a gida, ga iyaye suna jira. Sai a bar shi ya kashe kuɗin mota, ya yi jarrabawa, ya yi ganawa sau biyu ko uku, a ƙarshe a ce masa, "Nawa kake so?" Wato shi ne kayan, shi ne kuma zai taya kansa. In ya faɗi ƙasa da abin da aka ware, a sallama da sauri. In ya faɗi sama, a ce akwai wasu a layi.

Abin ya fi ban mamaki a wannan fage musamman. Kamfanin da ke ƙera na'ura yana da jerin duk ƙwayoyin da ke cikinta, da farashin kowacce har zuwa santi, domin ragin santi biyar a na'ura miliyan ɗaya dala dubu hamsin ne. Wanda ya san farashin ƙwayar da ba ta kai girman gero ba, ba zai ce bai san farashin injiniyan da zai sa ta aiki ba. Ya sani sarai, faɗa ne ba ya son yi. Kuma wannan ɗabi'a ta ƙididdige santi ita ce ke sa kamfanonin ƙere-ƙere su riƙa kallon mai rubuta manhaja a matsayin ɗawainiyar da za a rage, su haɗa masa aikin mutum uku. Tallar da abokina ya nuna mini sana'a uku ce aka ɗaure da igiya guda: mai zana allon lantarki, mai rubuta umarnin na'ura, da mai yin manhajar waya.

Wasu ƙasashe sun ga wannan rashin daidaito sun sa doka. Jihar Kolorado ta Amurka ta wajabta rubuta albashi a tallar aiki tun daga ran 1 ga Janairu, 2021. Birnin New York ya bi sahu a Nuwamba 2022, jihohin Kalifoniya da Washinton kuma a Janairu 2023. A watan Mayu na 2023 Tarayyar Turai ta zartar da umarnin cewa a sanar da mai neman aiki albashi ko iyakokinsa kafin ganawa, kada kuma a tambaye shi abin da ake biyansa a da, aka ba ƙasashen wa'adin 7 ga Yuni, 2026 su mayar da shi dokarsu. Yadda wasu kamfanoni suka karɓi abin shi ma darasi ne. A 2021 an ga tallace-tallacen aikin da ake yi daga gida suna cewa kowa na iya nema ban da mazauna Kolorado. A farkon 2023 kuma aka ga tallar Netflix ta injiniyan manhaja da albashi daga dala 90,000 zuwa 900,000 a shekara. Wanda ya ce maka kuɗin akuya daga dubu tara ne zuwa dubu casa'in, bai gaya maka komai ba. Amma wannan ƙoƙarin zillewa shi kansa shaida ne cewa adadin yana da daraja, don ba a ɓoye abin banza.

Mu a nan akwai ƙarin wata matsala. Kafin a saki naira a watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Ƙwayoyin da ake shigowa da su da dala ake sayensu, farashinsu kuma ya bi dala nan take, ba wanda ya yi musu. Albashin injiniya kuwa da naira yake, sai an ga dama a taɓa shi. Kalmar "mai gamsarwa" ba ta da ma'ana a irin wannan hali in ba a faɗi nawa ba, da kuma yaushe ake sake dubawa.

Shawara ga mai nema da mai ɗauka

Ga ɗan'uwana mai neman aiki, ina ba da shawara ya karanta talla kamar yadda aka koya mana karanta kowane matani. Da farko ya dubi aikatau ɗin da aka yi amfani da su. In an ce zai taimaka, zai gwada, zai gyara, to, aikin na ƙarami ne ko da an rubuta shekara biyar, ya nema kada adadin ya tsorata shi. In an ce zai tsara, zai zaɓi ƙwayoyi, zai jagoranci wasu, zai sa hannu a kan lafiyar na'ura, to, aikin na babba ne ko da an kira shi ƙarami, sai ya nemi ladan babba. Na biyu, ya ƙirga sana'o'in da aka jera, ya tambayi wane ne kuma ke cikin ƙungiyar. In amsar ita ce shi kaɗai ne, ya sani ba wanda zai koya masa, ba kuma wanda zai duba aikinsa, a nan kuwa daɗewa ake yi ba a gogewa. Na uku, in suna da shekaru da albashi suka saɓa wa juna, ya gaskata albashi. Suna kyauta ake ba da shi, shekaru buri ne, kuɗi kuwa shi ne abin da kamfani ya yarda ya rabu da shi. Na huɗu, ya tambayi iyakar albashin tun kafin ya hau mota, cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Shi ma a nasa ɓangaren kada ya cika takardarsa da jerin sunayen kayan aiki. Ya faɗi abin da ya haɗa da hannunsa, wata nawa ya yi yana aiki, ta ina ya lalace, yaya ya gano. Na'urar ban-ruwa da ɗalibi ya haɗa ta yi damina da rani a gona tana aiki ta fi sunaye ashirin.

Ga mai ɗauka kuwa, roƙona biyu ne. Ya rubuta albashi, ƙasansa da samansa, tazara mai ma'ana. Sa'an nan a maimakon adadin shekaru ya rubuta aikin da yake so a ce mai nema ya taɓa yi, alal misali "ya taɓa raka na'ura mai batir daga zane har kasuwa". Yin haka zai rage masa tarin takardun da yake kuka da su, domin kowa zai auna kansa tun daga gida. Zai kuma kare shi daga asarar da ta fi kowacce, wato ya ɗauki mutum da araha, ya horar da shi shekara biyu, ran da ya gane darajarsa ya tafi da duk sirrin na'urar a kansa. Araha dai ba ta ado.

Kammalawa

Abokina ya nemi aikin duk da bai cika sharaɗin shekaru ba, aka kuma kira shi ganawa, abin da ya nuna su kansu ba su ɗauki adadin da muhimmanci ba. Da aka zo zancen kuɗi sai ya tarar abin da suka kira mai gamsarwa ba zai biya masa haya da kuɗin mota a garin da kamfanin yake ba. Ya ce albarka, ya dawo. Da sun rubuta tun farko, da bai yi asarar kuɗin tafiya ba, su ma da ba su ɓata yininsu ba.

Mu ɗaliban wannan sashe muna da abin yi a nan. Fagen nan yana shigowa gidajenmu ta mita da sola da na'urar biyan kuɗi, amma har yanzu ba mu da tsayayyun kalmominsa da Hausa. Na kawo "dasasshiyar kwamfuta" ne a matsayin tayi, ina fatan malamaina da 'yan'uwana za su gyara ko su kawo wadda ta fi. Kalmomin nan uku kuwa, daɗewa da gogewa da ƙwarewa, tuni muna da su, saura mu riƙa aiki da su ran da aka miƙo mana talla, ko ran da Allah ya sa mu ne masu rubuta ta. Allah ya ba masu nema sa'a, ya sa masu ɗauka su yi adalci, amin.